Kifin Talaka a Bakin Kifin Attajirai

Yau ma dai maganar kifi ce, ku yi haƙuri da ni.

A gaɓar tekun Norway akwai manyan kejina cike da kifin salmon, irin wanda ake ci a otal-otal na Turai. Shi wannan kifi nama yake ci. To me ake ba shi? Kifi! Ƙananan kifaye ake kamowa a niƙe, a fitar da gari da mai. Wani kaso na garin da man daga Nuwadibu ta Muritaniya yake fitowa, da Senegal, da Gambiya, inda masana'antun niƙa kifi suka yi sahu a bakin ruwa. Wani rahoto na 2021 ya ce sama da tan 500,000 ake kwashewa daga Afirka ta Yamma duk shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 33. Kifin da mata ke bandawa su sayar, kifin miyar talaka, shi ake niƙewa.

Masu bincike sun ce suna neman mafita, kuma ba ƙarya suke yi ba. A 1990, kusan kashi 90 cikin 100 na abincin salmon a Norway daga teku yake, yanzu bai kai kashi 30 ba. Madalla. Amma fa kifin da ake kiwon ya ninka kusan sau goma. Kuma da me aka cike gurbin? Da waken suya, yawancinsa daga Brazil, inda ake share daji don noma shi. Idan ba a tace shi sosai ba, hanjin kifin kumbura yake yi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sai aka koma ga tsutsar baƙin ƙuda, wadda Tarayyar Turai ta halatta a abincin kifi a 2017. Aka koma ga man gansakuka, domin asalin sinadarin omega-3 daga can ƙananan kifaye ke samunsa. Har ƙwayoyin bakteriya ake kiwo da iskar gas a mayar da su gari. Duk abin sha'awa. To amma a 2020, waɗannan sababbin abubuwa gaba ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 na abincin salmon a Norway ba. Kashi ɗaya, jama'a! Dalili? Wai tsada. Kifin talaka ne mai arha, shi ya sa injin bai daina niƙa ba.

Af, kada mai kiwon tarwada a Kano ko Kainji ya ce ba ruwansa. Buhun abincin da ke cinye masa riba, akwai garin kifi a ciki, kuma kasuwar ɗaya ce. Da Peru ta soke kakar kamun kifinta ta farko a 2023 saboda ɗumamar ruwan teku, farashin man kifi tashi ya yi a duniya. Alhali tsutsar baƙin ƙudan nan dusa take ci da ragowar kayan gwari, ga mu da zafin da take so kyauta, Turawa kuwa sai sun kunna mata wuta. Ina jami'o'inmu? Ina sassan koyar da kiwon kifi? Jira muke a kiwata mana a Holan, a zuba a buhu, mu saya da dala?

Su kuwa masana'antun bakin teku, ko yau da asuba jiragen ruwa sun sauke musu kaya, kuma niƙa suke yi.