Takardar neman canjin jami'a: ranar wanka ba a ɓoyon cibiya

Yau muna so mu tattauna a kan wata takarda da ɗiyanmu masu karatu a Amurka suke rubutawa, wadda sau da yawa ita ke yanke ma yaro hukunci, ko ya ci gaba ko ya tsaya.

A can Amurka akwai ƙananan makarantu na shekara 2, masu arahar kuɗi, inda ɗiyan talakawa da na baƙi suke farawa. Daga nan ɗalibi ya nemi a karɓe shi babbar jami'a, ya ƙara shekara 2, ya samu digiri. Wasu daga cikin ɗiyan ƴan'uwanmu mazauna Niyok da Girinsboro ta wannan hanya suke bi. Amma a jami'o'i da yawa takardar maki ba ta isa ita kaɗai. Ana so ɗalibi ya rubuta labarin kansa da kansa. Misali, Jami'ar Kalifoniya tun shekara ta 2016 tana ba mai neman canji tambaya guda ta dole a kan shirin da ya yi wa fannin da yake so, sa'an nan ya zaɓi 3 cikin wasu 7, kowace amsa kada ta wuce kalma 350. Cikin tambayoyin akwai mai cewa ya faɗi babbar wahalar da ya gamu da ita, da yadda ya yi ya fita, da yadda ta taɓi karatunsa. Ko babbar kotun ƙasar, da ta hana duba launin fata wajen karɓar ɗalibai a watan Yuni na 2023, ta bar ma ɗalibi damar bayyana abin da ya sha a rayuwarsa.

To, a nan ne ɗanmu yake cijewa. An hore shi tun yana ƙarami cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, asirin gida kuma ba a kai shi kasuwa. Ɗan ƙanena ya faɗa cikin wannan hali. Mahaifinsa ya rasu tsakiyar shekarar karatu, ya kama aikin dare a wani shago domin ya biya haya, ya aika ma uwarsa da ƙannensa abin cefane. Makinsa ya faɗi zango biyu. Da ya zo neman canji bai ce uffan ba a kan wannan, sai ya cika takarda da yabon jami'ar. Aka mayar masa da amsa cewa babu wuri. Masu dubawa sun ga ramin da ke cikin makinsa, ba su ga dalili ba, kuma ba aikinsu ba ne su yi duba.

Ra'ayinmu shi ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In wahala ta taɓi karatu, wajibi ne a faɗe ta, amma akwai yadda ake faɗa. Ɗalibi ya kawo abin da ya faru cikin layi uku ko huɗu, da lokacinsa, yadda mai karantawa zai aza shi kusa da takardar maki ya ga sun dace. Daga nan ya ba da mafi yawan wurin ga abin da ya yi: ya rage darussa, ya je wurin mai ba ɗalibai shawara, ya sake darasin da ya faɗi, makinsa ya tashi. A ƙarshe ya nuna abin da ya sa wannan jami'a ce ta dace da shi, da abin da ya tanada don kada abin ya maimaitu. Jami'a tana so ta san ko wanda za ta ba kujera zai kai ƙarshe. Hawaye ba ya ba ta wannan amsa, aikin da aka yi bayan hawayen shi ke ba ta.

Wasu za su ce wannan ai bara ce da alƙalami, kuma tana koya ma yara sayar da talaucin iyayensu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Akwai masu ƙara gishiri, akwai masu biyan wani ya tsara musu labarin tausayi, yanzu har da masu sa na'ura ta rubuta. Waɗannan su tuna ramin ƙarya ƙurarre ne, domin jami'a tana iya janye karɓar da ta yi in ta gano. Haka kuma babu wanda ya tilasta ma yaro ya tona ciwon uwarsa ko rigimar gidansu dalla-dalla. Yana iya cewa rashin lafiya ta shiga gida, shi ya ɗauki nauyi, ya tsaya nan. Mai bara hannu yake miƙawa. Mai bayani kuwa hujja yake kawowa don a auna shi da ma'auni na adalci.

Wannan darasi ya shafe mu nan gida. Tun da aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010 bayan ta Abdu Mumuni ta Yamai, ɗalibai suna rubuta ma shugabanni takardar neman canjin wuri, wani don jinyar mahaifi, wata don aure. Muna kira ga ma'aikatan da ke karɓar irin waɗannan takardu su karanta su da idon basira, su kuma riƙe asirin da aka ba su amana. Iyaye su ma su yi wa ɗiyansu izini su faɗi gaskiya.

Ɗan ƙanen nawa ya sake nema da shekara ta kewayo. Sai da ya kira uwarsa ya nemi yardarta, sa'an nan ya rubuta rasuwar mahaifinsa cikin layi uku, sauran takardar duk a kan aikinsa da makinsa da ya farfaɗo. An karɓe shi. Allah ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, amin.