Reshen da Bai Komo Gida Ba

A gabas da garin Haɗeja kogi yakan rabu uku: hannu ɗaya ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, ɗaya ya bi Burum Gana, na ukun ya bi tsohuwar hanyarsa har ya gamu da Kogin Jama'are kafin Gashuwa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kachala ta toshe wasu hannuwan. Ruwa ya karkata zuwa Marma yana cin gonaki, mutanen ƙasa kuma rabonsu ya ragu.

Masu rubuta manhaja suna da irin wannan kogi. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 domin aikin Linux, yana ba kowane ma'aikaci damar cire reshe daga uwar aiki, ya yi gwajinsa ba tare da ya ɓata na kowa ba. Idan ya gama sai a haɗe. Git yakan koma inda aka rabu, ya duba abin da kowane ɓangare ya sauya tun daga nan. In sauye-sauyen ba su taɓa juna ba, ya haɗa su da kansa. In mutum biyu sun gyara layi ɗaya, sai ya tsaya, domin hukuncin na mutane ne.

Cire reshe ba ya cin ko daƙiƙa, shi ya sa matasan da ke koyon sana'ar a Jigawa suke sonsa. Amma reshen da ya yi wata uku a ware yakan dawo ya tarar uwar aiki ta yi nisa. Saɓanin layi biyu ya zama na ɗaruruwa, kuma idan manhajar ta biyan albashi ce ko ta rajistar manoma, kuskuren haɗewa a aljihun talaka yake ƙarewa.

Masu Linux, duk da yawansu, sukan buɗe ƙofar haɗe sabbin ayyuka na mako biyu kusan kowane mako tara ko goma. Ƙaramar tawaga a Haɗeja ba ta da uzurin wuce 'yan kwanaki. Ya kamata reshe ya zama gajere, aiki ɗaya tak a kansa, wani ya duba shi, a mayar da shi. Kachala tana da sauƙin cirewa tun tana tsiro. Idan ta kafu, sai an nemo injin yanka.