Ba Kalanda Ke Buɗe Hanyar Tafkunan Rae Ba

A kan tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya a Amurka, cikin gandun dajin Kings Canyon, akwai wata hanyar ƙafa mai suna Rae Lakes Loop, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 66. Masu yawon buɗe ido kan shafe kwanaki a kanta, kowa goye da jakarsa ta tanti da guzuri. Da zarar watan Yuni ya kama, zafi ya sauka a kwari, sai mutane da yawa su ɗauka hanya ta buɗe. Wannan zato shi ne babban haɗarin tafiyar, domin bazarar kwari daban, ta ƙololuwar dutse daban.

Tafkunan na kan tudun da ya kai kusan mita 3,200, mashigin Glen Pass kuwa ya haura mita 3,600. A shekarar da aka yi dusar ƙanƙara mai yawa, gefen arewa na mashigin kan kasance a rufe har cikin watan Yuli. Da sassafe dusar takan daskare ta yi santsi, wanda ya zame ba shi da abin kamawa. Da rana kuma takan yi laushi, mutum ya riƙa nutsewa har cinya. Wani lokaci takan rufe rafi kamar gada, alhali ruwa ya cinye ƙarƙashinta.

Amma ruwan ya fi dusar ɓarna. Duk abin da ya narke a sama, rafuka yake bi ya gangaro, da sanyi da ƙarfi. A hunturun 2016 zuwa 2017, gadar da ke kan reshen kudu na kogin Kings a Upper Paradise Valley ta rushe. A watan Yulin 2017 aka tsinci gawar wata matafiya 'yar Japan a wannan kogi, aka kuma tsinci ta wata 'yar Sin a wani rafi na gandun Yosemite. Masana hanya suna ba da shawarar ƙetare rafi da safe, kafin zafin rana ya ƙara masa ruwa, a nemi wuri mai faɗi, a kwance ɗamarar jaka, kada kuma a ƙetare ba abokin tafiya.

Wani zai ce samun takardar izinin shiga hanyar ba abu ne mai sauƙi ba. Wasu tun watanni shida kafin lokaci suke nemanta, sun ɗauki hutu, sun biya kuɗin jirgi. Gaskiya ne, kuma a wannan lokacin ne ruwan Mist Falls ya fi ban sha'awa. Sai dai takardar izini ba ta narkar da ƙanƙara, kuɗin jirgi kuma ba ya rage ƙarfin kogi. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Ya kamata mai niyyar tafiya ya tambayi jami'an gandun halin da hanya ke ciki a makon da zai tashi. Wanda bai koyi aiki da gatarin ƙanƙara ba, ya jira watan Agusta ko Satumba. Wanda kuma ya isa bakin rafi ya ga ruwa ya fi ƙarfinsa, to ya juya. Komawa da baya ba abin kunya ba ne, tafkunan suna nan har baɗi.