Masu ƙidayar duwatsu, a yi hattara da lissafin shekara

A Scotland, can arewacin Birtaniya, akwai wata al'ada da ta daɗe tana ba ni sha'awa, tana kuma sa ni tunani. Idan shekara ta zo ƙarshe, mai hawan duwatsu yakan ɗauko littafinsa ya lissafa: bana duwatsu nawa na hau, saura nawa, wanne zan tunkara baɗi?

Asalin abin ya faro ne a 1891, lokacin da Sir Hugh Munro ya wallafa jerin duwatsun ƙasar da tsayinsu ya haura ƙafa 3,000, wato mita 914. A yau duwatsu 282 ne ke cikin jerin, ana kiran su da sunansa, kuma Ben Nevis mai mita 1,345 ne mafi tsayi. A. E. Robertson ne aka fara lasafta wa kammala su a 1901. Shi kuwa Munro ya rasu a 1919 bai cika su ba. Daga wancan lokaci zuwa yanzu mutum fiye da 7,000 sun kammala.

Babu shakka jerin yana da amfani. Yana fitar da ma'aikaci daga kujerar ofis, ya kai shi lungunan ƙasarsa da ba zai taɓa taka su ba. Yana kuma tilasta masa koyon sabon abu, domin akwai wani tsinin dutse a tsibirin Skye wanda ba a hawansa sai da igiya. Wanda ya gama yakan koma ga Corbett, duwatsu 222 masu tsayin ƙafa 2,500 zuwa 3,000, waɗanda da yawansu babu takamaiman turba a kansu.

To amma a ganina, matsalar tana farawa ne ranar da adadi ya zama ubangida. Mutumin da ya hau 30 bara yakan ji dole bana ya wuce haka, ga Disamba ta kama, saura biyu. A wannan wata hasken rana a can bai kai awa 7 ba, ƙanƙara ta rufe hanya, iska kuma ba ta wasa: a 1986 an auna guguwa mai gudun mil 173 a awa a ƙolin Cairn Gorm. Wanda ya ƙi juyawa saboda lissafi, ba ransa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba, har da na masu ceto, waɗanda akasarinsu 'yan sa-kai ne da ke barin iyalansu cikin dare.

Wani zai ce ai gasa ce ke haifar da bajinta. Gaskiya ne, a 2023 Jamie Aarons ta zagaye dukkan 282 cikin kwana 31 da 'yan awoyi. Sai dai ta yi ne a lokacin zafi, bayan dogon shiri, tare da mataimaka. Ba ma'auni ba ce ga mai fita ranar Asabar.

Shi kansa adadin ma ba tsayayye ba ne. A 2012 sabon awo ya cire dutse guda, jerin ya sauko daga 283 zuwa 282, alhali dutsen yana nan inda yake.

Don haka shawarata ga mai lissafin shekara ita ce ya ƙara wani shafi a littafinsa: sau nawa na ga yanayi ya ɓaci na juyo, me na koya na karanta taswira, wa na koya wa? Sannu ba ta hana zuwa. Dutsen da aka bari bana zai jira baɗi, muddin mai hawan ya dawo gida da ransa.