Wai Bahaushe Bai San Lokaci Ba

Akwai wata magana wadda na gaji da ji, yau kuwa sai na amsa ta. Wai Bahaushe bai san lokaci ba, wai agogo kayan Bature ne, mu namu sai "an jima" da "gobe". Abin haushi, ba baƙi kaɗai ke faɗin haka ba, har 'ya'yanmu suna faɗa suna dariya, sai ka ce wani kirari a ke yi musu. To, ni ban yarda ba.

Tun jirgin ƙasa bai iso Kano ba, a shekarar 1911, wa ke tashin garin nan? Ladan ne. Kun taɓa jin ladan ya kira azahar da la'asar don ya yi baƙo? Majemi ya san kwanakin da fata za ta yi cikin toka, da waɗanda za ta yi cikin bagaruwa, in ya yi sakaci fata ta ɓaci, kuɗinsa ya tafi. Manomi kuwa in ruwan shuka ya sauka ba ya cewa sai jibi. Ashe sanin lokaci gadonmu ne, mu muka yar da shi, sa'an nan muka ɗora wa al'ada laifi.

Wanda ya ke shakka, ya je bakin ƙofar masana'antun Challawa, ko Sharaɗa, ko Bompai da sassafe. Zai ga mutumin da ya taso tun daga Kurna, ya ratsa gari duka cikin a daidaita sahu, tun da aka hana acaba a 2013, ya iso kan kari. Zai kuma ga wanda gidansa ke nan Panshekara, jifa ɗaya, an rufe ƙofa yana waje yana roƙon mai gadi. Me ya bambanta su? Na farko ya shirya tun dare. Na biyu sai da gari ya waye ya shiga neman katin aiki ƙarƙashin tabarma, uwargida ta tare shi a zaure tana batun cefane, yaro ya ce an kore shi don kuɗin makaranta, ya fito kuma ya tsaya wajen mai shayi ana gardamar ƙwallo. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ladan yini guda ya faɗi, ba shi kaɗai zai sha wuya ba, tukunyar gidansa ce za ta faɗa.

Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga tambaya: tun da aka ba ku takardar shaida, me kuka rubuta? Nemi ɗan littafi ka sa a aljihu. Bayan sallar isha'i zauna ka rubuta abin da gobe ke bukata, da ranar zubin adashi, da ranar kai yaro allura, da bashin da a ke binka da wanda ka ke bi. Kuɗin cefane ka ba da shi tun dare. Kati da mabuɗi su sami wuri guda wanda ba ya sakewa. Wannan bai kai tsawon cin goro ɗaya ba.

Amma kada manya su ji daɗi, su ce ga shi an gaya wa leburori gaskiya, gama laifinsu ya fi girma. Mai kamfanin da zai yanke ladan mutum don minti goma, shi ne kuma wata zai ƙare ya ƙara mako bai biya ba, wane agogo ya ke dubawa? Babban baƙon da aka rubuta zai zo taro ƙarfe goma, ya bar dattawa cikin rana har azahar, sa'an nan a tashi tsaye ana yi masa barka da zuwa, wai shi girma ke nan. Wannan ba girma ba ne, sata ce, sai dai ba alkalin da ke shari'arta. Na teloli kuwa gab da salla, kowa ya sani, ba sai na faɗa ba.

Ni ma ban tsira ba. Malamin ofis ne ni, na kuwa san nauyin kalmar nan "dawo gobe". Wata rana wani majemi daga Challawa ya zo karɓar takarda a wurina, ita kuwa tana nan cikin tarin da ban tsara ba. Na ce ya dawo gobe. Bai yi fushi ba, sai ya ce, "Malam, yau ma sai da na sayar da yinina kafin in zo, goben wa zai biya ni?" Na rasa ta cewa. Na zauna na warware tarin nan a gabansa, ban kai rabin sa'a ba na same ta, tana ƙarƙashin jaridata.