Motar Ɗan Fansho: Daga Wudil Zuwa Yankari

A Amurka, ɗan fansho kan sayi mota mai gado da kicin ya zaga gandun daji, domin an tanadar masa sansanoni masu ruwa da lantarki. Wanda ya ajiye aiki a Wudil, yana marmarin ganin giwayen Yankari, bai kamata ya narkar da giratutinsa a irinta ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 babbar mota ta zama kaya, kwana a bakin hanya kuwa ganganci ne.

Toyota Sienna ta wadatar: kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta na Ƙofar Ruwa. Ya bi ta Birnin Kudu da Ningi da rana, da rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a kogin Gaji, ya kama ɗaki a sansanin Wikki.