IDAN AKA CE CIWON DAJIN BABA YA BAZU, KADA A NAƊE TABARMA



Ya ɗan'uwa maigida, yau maganarmu kan dattijanmu ce. Baba ya daɗe yana fama da fitsari, ga ciwon baya da ƙugu. Kun je asibiti, an auna jini an ce PSA ya hau, an ɗebi ɗan nama an bincika, likita ya ce ciwon daji ne na furostet, kuma ya kai ƙashi. Furostet wani ƙullutu ne kamar goro a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa cikinsa.

Daga nan ne gidaje ke rabuwa biyu. Wasu su ce a mai da shi gida kawai a jira lokaci. Wasu su bi mai tallan "warkewa cikin kwana 40" har gona ta tafi. Ni a ganina duka biyun an cuci Baba.

Gaskiya ɗaya ce: idan ya bazu, ba a cika tumɓuke shi ba. Amma ana danne shi, wasu har shekaru suna zuwa masallaci da ƙafarsu. Dalili kuwa, abincin wannan ciwo shi ne sinadarin maza, testosteron, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa. Tun 1941 Dakta Charles Huggins na Amurka ya nuna cewa idan aka yanke wannan abinci, ciwon na lafawa.

*Hanyoyin da likita zai iya kawowa:*

1. Allura irin su Zoladex, duk wata ko duk wata 3.
2. Ƙaramin aiki na cire sashen maraina mai samar da sinadarin. Sau ɗaya ake yi.
3. Ƙarin ƙwayoyi irin su abiraterone, ko ƙarin ruwa na docetaxel ga mai sauran ƙarfi.
4. Gashi da na'ura don ciwon ƙashi. Akwai sashensa a asibitocin koyarwa irin na Shika da Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja.
5. Maganin raɗaɗi har zuwa mofin, da robar fitsari in hanya ta toshe.

To ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Allura da aikin nan, amfaninsu kusan ɗaya ne. Amma kunya kan sa mu zaɓi allura, a yi wata huɗu kuɗi su ƙare, a daina, ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Wallahi gara maganin da za ku iya riƙewa har ƙarshe da wanda za ku fara don ganin ido. Wani zai ce ai Musulunci ya hana dandaƙa. Haka ne, amma malamai sun bambanta tsakanin ganganci da larurar magani. Ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, ka faɗa masa abin da likita ya ce.

Kowace hanya da nata wahala: zafi mai tasowa da gumi, kasala, raguwar sha'awa, raunin ƙashi. Shi ya sa nake cewa kada a ɓoye wa Baba. Jikinsa ne. Mai shekara 70 da ke zuwa kasuwa ba ɗaya yake da mai 88 da ke kwance ba. Wani zai ce a yi duk abin da za a iya, wani ya ce a rage masa zafi kawai ya samu ya yi sallarsa. Kowanne a saurare shi. Kuma sanin gaskiya ne zai ba shi damar wasiyya da sauke haƙƙoƙi.

Zuma, habbatus sauda da addu'a fa? A ci gaba, tare da na asibiti, kuma a sanar da likita duk abin da yake sha. Amma a nisanta shi da maganin ƙarfin maza da ba a san haɗinsa ba, don in akwai testosteron a ciki, ciwon ake ciyarwa.

*Gargaɗi:* in ƙafafunsa suka fara mutuwa, ko fitsari ya tsaya cak, ko ya kasa riƙe bayan gida, a kai shi asibiti a ranar. Kada a ce sai gobe.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa ciwo ya zama kaffara. A tura wa wanda ke jinyar dattijo.